Fentin Allin da Kika Daka a Turmi

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina hutawa a inda babu ciwon baya, babu hayaniyar 'yan aji uku. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Jikarki ce ta sa na ɗauki biro. Ta zo tana nuna mini hoto a waya, wai yanzu ana yayin shafa wa tsofaffin kujeru fentin alli. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata ai ke kin riga su tun a Samaru, kuma da turmi kika yi naki.

Kin tuna shekarar aurena, lokacin da wayar hannu ta fara cika Zariya? Baba bai daɗe da rasuwa ba, gidan babu abin kirki. Ni kuwa ba na iya barci saboda maganar jere. Uwar mijina, Mama Saratu, mai sayar da atamfa ce a kasuwar Sabon Gari, kowa ya san idonta, ya san bakinta. Duk amaryar da ta shiga danginsu da gadon fomeka ta shiga. Na san idan ta leƙa ɗakina ta taɓe baki, shi ke nan, haka za a riƙa kallona a gidan har in tsufa.

Na yi miki kuka. Ba ki lallashe ni ba, ke dama ba ki iya lallashi ba. Cewa kika yi in share majina in kama miki ƙafar gado.

Muka fito da gadonki, da kabad, da kujerun zama zuwa tsakar gida. Kayan aurenki ne, sun yi baƙi, sun sha hayaƙin fitila. Muka yi ta gurza da samfefa har yatsuna suka yi kanta. Sai kika ɗauko ledar guntayen allin da kike tsincewa a aji, waɗanda muke miki tsiya a kansu. Kika daka, kika tankaɗe da rariya, kika dama da ɗan gwangwanin farin fentin da kika sayo a shagunan unguwar PZ, kika ɗiga bular wanki. Da ya bushe, kai! Ya fito shuɗi-shuɗi mai taushi, babu ƙyalli, kamar ƙwan agwagwa.

Sai dai ba ki san yana bin jiki ba. Goggo Ladi ta zo taya murna, ta zauna a kujera ɗaya, ta tashi da bayan zaninta fari fat. Ta yi ta faɗa, ke kuwa kina dariya har da hawaye. Ni ban yi dariya ba, Mama. A raina na hango matan dangin miji suna tashi daga ɗakina da farin baya.

Washegari kika taka har ƙauyen Bomo wurin mai zuma, kika dawo da kakin zuma a ƙunshe cikin ganye. Kika narkar, kika bi kowane lungu da tsumma kina murzawa. Ina ganin yadda kike dafa ƙugu idan za ki miƙe. Kika kira Goggo ta sake zama, ta tashi tsaf.

Ranar jere, Mama Saratu ta shigo da tawagarta. Ta shafa kabad ɗin da tafin hannu, ta dubi hannun. Sannan ta buɗe ƙofarsa. Cikin kuwa ba mu shafa masa komai ba, tsufansa yana nan tsirara. Ta gane, na ga ta gane. Ta rufe a hankali, ta juyo ta ce da matan, “Katakon maɗaci ne. Wannan yarinya daga gidan mutunci ta fito.” Daga ranar ba wanda ya taɓa ɗaga mini hanci a gidan nan.

Da na zo gaishe ki bayan biki, na shiga ɗakinki kai tsaye. Na san kayanki na tafi da su, amma ban taɓa hango ɗakin ba tare da su ba. Tufafinki a cikin kwali, Littafi Mai Tsarki a kan taga, tabarma a inda gado yake. Kika ga fuskata, kika riga ni magana. Kika ce, “Ƙasa ta fi wa bayana daɗi.”

Ba gaskiya ba ne, Mama, mu biyu mun sani. Daga baya mijina ya kawo miki gado, kika karɓa da mita, kina cewa an ɓata kuɗi. Amma damina guda kika yi a kan simintin nan, da bayanki mai ciwo, don kada a taɓe wa 'yarki baki. Na gode. Na gode, uwata.

Allah Ya ba ki hutun da kika hana kanki. Ya shimfiɗa miki wuri mai laushi a gabansa, Ya sada mu cikin salama. Amin.

'Yarki mai kukan banza,
Talatu