Na Kai Dattawanmu Sa Rana A Kan Amalanke

Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka taimaka mini da shawara kafin Asabar, don auren ƙanena Halliru na neman lalacewa, kuma ni ne sila, sai dai ba wanda ya sani.

Ni ma'aikaci ne a Kazaure, kuma ni kaɗai ke da mota a gidanmu, shi ya sa har sunana ya ɓace, Mai Mota kawai ake ce mini. Cikin shanu na tashi. Daga tsayuwar saniya nake gane ba ta da lafiya. Amma motata ta yi wata guda tana faɗa mini ciwonta, ni kuwa ina yi mata kunnen ƙashi.

Da farko kullum da safe nakan ga ɗan danshi a ƙasa inda ta kwana. Sai in zuba mata ruwan leda biyu a lagireto in ce ta sha ta ƙoshi. Ta fara wata 'yar tsuwa idan na tayar da ita, na ƙara muryar rediyo. Sai wata jar fitila ta riƙa kamawa a gabana. Bakanikena Ɗayyabu ya ce in kawo ya duba, na ce sai na samu sarari. Fitilar ta dame ni, na samo sitika mai addu'ar tafiya na manna a kanta. Wallahi har daɗi na ji, kamar na yi gyara.

Ranar sa ranar Halliru, ni na ɗauki Baffanmu Muhammadu Lawal da dattawa uku zuwa Babura, gidan su Bahijja, yarinyar da zai aura. An ce bayan Azahar. Muna hanya na ga allurar zafi tana hawa. Lokacin kuwa Baffa ya ɗauko tarihin yadda kakanmu ya zo da shanunsa daga Roni. A gidanmu ba a katse babba. Na zuba wa allura ido, ina amsa wa Baffa da na'am, ina jiran ya kai aya. Bai kai ba sai da hayaƙi ya turnuƙe bonet a wajen Kanya Babba.

Babu sabis ɗin waya a wurin, motocin da suka wuce kuma a cike suke. Ƙarshe wani mai amalanken shanu ne ya kwashe dattawa da manyan rigunansu da ƙwaryar goro, ni ina biye a ƙafa, mukulli a hannu. Kafin ya kai mu cikin gari mu samu mota mu isa Babura, an yi Magariba, dattawan gidan sun watse tun La'asar.

Mahaifin Bahijja ya aiko cewa in ba mu shirya ba a bar maganar. Da ƙyar ya yarda a koma Asabar. Ni kuwa na ce wa kowa abin farat ɗaya ya zo. Halliru har haƙuri yake ba ni kan motata, ni kuma kunya kamar ta kashe ni. In faɗi gaskiya, ko in yi shiru tunda an ba da wata rana?

Mai Mota, Kazaure

Wa alaikumus salam Mai Mota. Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma na tausaya wa Halliru.

Mota ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Danshi a ƙarƙashinta yoyo ne, kuma motar da ke neman ruwa kullum tana zubar da shi a wani wuri. Tsuwar safe galibi bel ɗin inji ne ya saki ko ya tsufa. Jar fitila, ta baƙin mai ce ko ta zafi ko ta batir, cewa take a tsaya a duba. Idan allurar zafi ta hau, ka gangara gefe ka kashe inji, kada ka buɗe lagireto sai ya huce. Ka kai wa Ɗayyabu ita gobe, ka gaya masa komai daga farko. Ranar Asabar kuma ku nemi wata mota, ku fita da hantsi.

Girmama Baffa da ka yi tarbiyya ce, ban raina ta ba. Amma direban da ya ɗauko rayuka yana da izinin ya ce a gafarce shi zai tsaya, kuma babu dattijon da zai ƙi.

Shiru zai rufa maka asiri, gaskiya ne, wataƙila ma a sa ranar lafiya. Sai dai mahaifin Bahijja zai ci gaba da ganin gidanku ne ya raina shi. Ka fara gaya wa Halliru da Baffa, sannan da izinin Baffa ka je Babura kafin Asabar, ka durƙusa gaban mahaifinta ka ce laifinka ne kai kaɗai. Za a yi maka dariya shekaru, ka iya ɗauka. Dattijon nan so yake ya san ko a gidan da zai kai 'yarsa akwai mai iya cewa shi ya yi kuskure. Ka je ka nuna masa akwai.

Allah Ya sa a sa ranar cikin farin ciki, Ya sanya albarka a auren.