Jikata Ta Zo Ina Kwasar Laka

Ƙanena Zakari,

Assalamu alaikum. Yaya mutanen Banikanni, da su Inna a Djougou? Saƙonka ya iso, 'yarmu Bashira ta sauka lafiya, an samu mace! Alhamdu lillahi. Na yi ta dariya ni kaɗai har abokan aiki suka tsaya kallona. Da hannuna nake rubuta wannan, ka ga lakwal ɗin dare, wato makarantar da na shiga, bai tafi a banza ba.

Sai dai ba zan samu suna ba. Teku ta haura ta cinye wani gari a nan Japan, muka bar garejin da muke aiki muka zo taimako. Na yi wa wata tsohuwa alkawarin kwashe lakar gidanta. Jiya na tono hoton jikanta na wanke, ta karɓa ta rungume shi. Yaya zan tafi in bar ta?

Lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai ke cin gwiwa. Ina aiki, hancina na jiyo kunun kanwar mai jego.

Ni na saba yanka ragon suna a gidanmu, bana ka riƙe wuƙar. Ka ɗauki amaryar tawa ka raɗa mata angonta tsoho yana tafe, kada ta kula samarin unguwar Ladjifarani.

Allah ya raya ta.

Yayanka,
Ashafa