Karatun Saratu Yana Aljihunka, Yaya

Zuwa ga yayana Sambo, a duk inda wannan ta same ka a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wanta, ina fatan kana lafiya, kasuwar albasa kuma tana tafiya yadda ake so. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Ƙanwarka ce Luba. Na san ranka zai ɓaci da ganin maganar gidanmu a gaban jama'a, amma ka daina ɗaukar waya, abokan kasuwarka kuwa suna nan a wannan dandali, wani zai kai maka.

Maganar Saratu ce, autarmu. Jami'a ta ba ta gurbin karatun harhaɗa magunguna. Abin da ya rage kawai ta shiga shafin hukumar jarrabawa ta nuna ta karɓa, kafin wa'adi ya cika a ba wani. Ba ta da hanyar shiga, domin lambar sirrin shafin da layin wayar da aka yi mata rajista da shi duk suna hannunka.

Ka tuna lokacin da aka buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a, tana ajin ƙarshe a sakandare. Takanas ka baro kudu ka zo, ka ce a satin farko za a yi, ba za a jira cunkoso ba. Tun kafin nan kai ka matsa aka yi mata lambar ɗan ƙasa, sa'ad da ƙawayenta ba su ma san ana bukatarta ba. Na yi ta yabonka wajen mijina har ya gaji da ji.

A cibiyar rajistar, mutumin da ke kan kwamfuta ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce layin da aka sa yau shi ne zai bi yarinya har ta shiga jami'a, ta nan za a turo komai, don haka a sa wanda zai zauna kusa da ita. Na ce a yi sabon layi da sunan Inna, ta ajiye shi cikin adakarta, a riƙa fito da shi in bukata ta taso. Ka dube ni ka ce, "Gidanga ɗiya ba ta da layi sai ta ƙare makaranta. Haka Baba yab bar mu." Ka miƙa ɗayan layinka biyu, ka zaɓi lambar sirri da kanka, ka kare da hannu kamar mai cire kuɗi a banki. Na bar maka, don kai ne babba.

Da aka zo zaɓen makaranta ne raina ya fara ba ni wani abu. Saratu ta faɗi jami'ar da take so, wadda sai an yi tafiyar yini kafin a kai. Ka yi dariya ka ce, "Mi anka rasa nan Sakkwato?" Ta sunkuyar da kai, amma ba ta canza ba. Yaya, tare muka tashi, na san dariyarka ta gaske, na kuma san wadda ba ita ba. 

Ka koma kudu da layin. Saƙon ranar jarrabawa da wurin da za a yi ta ya shigo wayarka, ba mu ji ba sai ana gobe, bayan na kira ka har na gaji. Ka ce kuna sauke kaya ne, ba ka duba ba. Na karɓi wannan uzurin. Da asuba mijina ya ɗauke ta a babur yana tambayar hanya, suka isa ana shirin rufe ƙofa.

Sakamako ya fito, shi ma ta layin ake dubawa. Da baki ka gaya mana makin, kuma makin bai kai na karatun da take so ba. Na ce ka turo saƙon mu gani, ka ce ya goge. A ranar kuma ka fara cewa a hanzarta a sauya mata makaranta zuwa ta kusa da gida, tun ba a rufe damar sauyi ba. Yarinyar nan ta sha kuka, har ta amince. Abin da ya hana, lokacin tana tsakiyar jarrabawar kammala sakandare, kullum da takarda a gabanta, ba ta sami ranar zuwa ba.

Da jami'ar ta buɗe tantancewa na ce mu gwada sa'a ko da ba a dace ba. Aka sa lambar jarrabawarta a shafinsu, makinta ya fito da kansa. Ya fi wanda ka faɗa nesa ba kusa ba. Na kira ka, ka ce ƙila rana ce ta haske maka fuskar waya. Ranar Fatakwal ke nan, mai rage maki ba ta ƙarawa.

Tun daga nan na daina yarda da uzurinka, kuma ba na jin daɗin hakan ko kaɗan. Ina kwana ina tashi da tunani iri-iri. Wani lokaci in ce wayar aka sace, kunya ta hana ka faɗa. Wani lokaci in ce tsoro ne kawai, ba ka son ɗiyar Inna ta yi nisa inda idonka ba ya kai. Akwai kuma tunanin da nake kora yana dawowa, cewa kana jan ƙafa ne da gangan har wa'adi ya wuce, ka ce Allah bai yi ba, babu wanda zai kama ka da laifi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san kai wane ne. Ina aji biyu shekarar da ka gama sakandare. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce a dakata da rajistarka ta wannan jarrabawa sai an sayar da shinkafar fadamarmu ta Dundaye. Aka sayar, ka ruga, ka tarar an rufe. Ka dawo ka zauna bayan rumbu, ba ka ci abinci ba, ni na kai maka ruwa. Kai da malamai ke kira ka gyara wa 'yan aji lissafi. Shekara ta zagayo Baba yana kwance, ka bi motar albasa, ba ka sake waiwayar makaranta ba. Da kuɗin albasar nan na yi karatun koyarwa, da shi Saratu ta kai inda ta kai. Ban manta ba, ba kuma zan bari a manta ba.

Mun je ofishin kamfanin waya, sun ce sai mai layin da kansa. Mun je ofishin hukumar jarrabawa, sun yi mana bayani cikin mutunci cewa sauya layi ba abin da ake gamawa cikin kwanakin da suka rage mana ba ne. Don haka duk hanyoyin sun dawo kanka. Ba sai ka zo ba, Yaya. Ka turo lambar sirrin, ko ka aika saƙon karɓa daga layin, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. In nisan ne damuwarka, ka bari ta karɓa tukuna, sa'an nan mu zauna da Inna a yi magana ido da ido. Ka hana ta a fili in za ka hana, ta san wanda ya hana ta.

Ita fa ba ta zarginka. Da na fara ƙorafi a gabanta ta tare ni, ta ce, "Yaya ba shi yi min haka. Wayatai ta lalace." Shekaranjiya na rubuta maka duk wannan a saƙo, kai kaɗai, na ga alamar nan ta koma shuɗiya, ka buɗe ka karanta. Jiya ta zo gidana Ƙofar Rini ta tambaye ni ko saƙon ya shiga. Na kifa wayar na ce mata bai shiga ba tukuna. Ƙarya na yi mata don ta ci gaba da ganinka yadda take ganinka, kuma gobe za ta dawo ta sake tambaya.

Allah ya tsare ka a bakin nemanka, ya yi wa kasuwarka albarka, ya sanyaya maka abin da ke zuciyarka wanda ka kasa gaya mana. Allah ya sa kada Saratu ta zauna bayan rumbu, ya sa kuma kada ya zama ta hannunka.

Ƙanwarka da ke riƙe da waya tana jira,
Luba