Kakata Ta Ƙi Sauke Hoton

Goggo Diep, ki taimake ni don girman iyayenki, kaina ya kulle. Ni 'yar Hue ce, malamar jinya, kakata ce ta rene ni. Saurayina Khiem mutumin Hanoi ne, kuma wata mai kamawa iyayensa za su kawo kayan tambaya gidanmu. Kin san al'ada, kafin a ce uffan kan aure, uban ango zai kunna turare ya rusuna gaban teburin magabatanmu. To, a kan teburin nan akwai hoton kakana sanye da kakin sojan Kudu, ɓangaren da Amurka ta mara wa baya a yaƙin ƙasarmu. Shi kuwa Baba Tuat, mahaifin Khiem, tsohon sojan Arewa ne, waɗanda suka yaƙe su.

Da can ban ɗauki abin da zafi ba, cewa nake yaƙin da aka gama tun kafin uwata ta shiga makaranta, wa zai tsaya tono shi? Ashe ban san dawar garin ba. Makon jiya Baba Tuat ya zo yawon buɗe ido tare da Khiem, ni na yi masa jagora. Ranar farko lafiya lau, ya sha miyar taliyarmu yana zufa, yana tsokanata wai mutanen Hue ko shayi sai mun zuba masa barkono. Da muka shiga tsohuwar ganuwar fadar garinmu ni ina nuna masa zanen rufi, shi yana bin bango yana zura yatsa a ramukan harsashi.

Washegari ya ce sai Quang Tri, inda ya yi yaƙi. A gidan tarihi ya tsaya gaban hotunan sojojin Kudu, ya ce, da ƙarfi fa, karnukan farautar Amurka ke nan, su suka cinye masa abokai. Goggo, a wannan garin, a daminar da shi ma ya yi yaƙi a can, kakana ya ɓata, ko ƙashinsa ba a samu ba. Khiem ya sani, amma sai ya sunkuyar da kai yana latsa waya kamar ba da shi ake ba. Na ji haushinsa ƙwarai.

Da muka sauka bakin kogin Thach Han, inda abokansa suka nutse, tsohon ya watsa furanni yana kiran sunayen abokansa, ya kunna sigari ya kafa musu a ƙasa. Sai ya ƙara kunna wata, ya taka can gefe ya kafa ta tana fuskantar kudu, bai kira sunan kowa ba. Ban tambaye shi ko ta wa ce ba.

Da na koma gida na lallaɓa kakata, na ce ta sauke hoton na yini ɗaya tak. Kai, ban taɓa ganin ta haka ba! Ta ce bayan yaƙi ta naɗe hoton nan a leda, ta tura cikin gwangwanin madara, ta binne a gindin ayaba shekara da shekaru don tsoro. Ta ce ta binne mijinta sau ɗaya, ba za ta sake ba, ko da sarki ne zai zo. Tun ranar sai dai ta ajiye mini abinci ta juya. Khiem kuma wai a ɗora kwandon 'ya'yan itace a gaban hoton, babansa ba ya gani sosai. Ji wata magana!

In tsohon ya ɗaga kai da turare a hannu ya ga kakin nan ya fice, aurena ya watse a gaban dangi. In na ɓoye hoton, na kashe matar da ta goya ni. Ina son Khiem, ba na son in rasa shi. Yaya zan yi?

'Yar Bakin Kogi, Hue

*

'Yata, sha ruwa tukuna, sannan ki ji ni.

Hoton nan ba zai sauka ba, ba kuma za a kare shi da mangwaro ba. Ki je ki ba kakarki haƙuri yau, kin taɓa mata tsohon miki. Gidanta ne, mijinta ne. Ki gaya wa Khiem dabarar kwandon ba ta yi ba, domin in tsohon ya gane daga baya cewa an sa shi ya rusuna ba da saninsa ba, wannan ce ba zai taɓa yafewa ba.

Amma kada ki mai da Baba Tuat dodo. Yaro ne ɗanye lokacin da ya ga abokansa suna nutsewa a kogin nan. Maganar da ya yi a gidan tarihi ta yi muni, ban wanke shi ba, sai dai bai san jikar wa ke tsaye a gefensa ba. Kuma ke da kanki kika ba ni labarin sigari ta biyu. Ban san wa ya kunna wa ba, ke ma ba ki sani ba, kada ki kafa gida a kanta. Amma yawanci mutum ba ya ɓata sigarinsa a kan kare.

Abin gudu ɗaya ne, kada ya fara ganin hoton da turare a hannu, jama'a na kallo. Tsoho in aka ba shi mamaki a gaban mutane, girman kai ne zai amsa. Aikin Khiem ne ya zauna da ubansa su biyu a Hanoi, tun yanzu, ya faɗa masa sunan kakanki da inda ya ɓata, ya bar shi ya kwana da maganar. In Khiem ya kasa wannan, to kin koyi wani abu game da mijin da za ki aura, gara yau da gobe.

Ba zan yi miki alkawari ba, yana iya ƙi. In ya ƙi rusunawa amma yana son auren, a nemi wani ƙaninsa ya kunna turaren a madadinsa, iyalai da yawa sun bi ta nan. In auren gaba ɗaya ya ƙi, zai yi ciwo, amma kin ji shi a ɗaki ba a gaban dangi ba.

Mahaifiyata tana da yayye maza biyu, ɗaya ya tafi Arewa, ɗaya ya sa kakin Kudu, babu wanda ya dawo. Hotunansu na jere a kan teburinmu, kaskon turare ɗaya, kwanon shinkafa ɗaya. Duk shekara muna zuba musu, har yau ban ji sun yi faɗa a kan kwanon ba.

Ina yi miki fatan alheri, ki gaishe mini da kakarki.

Goggo Diep