Kafin Jirgin Alhamis Ya Tashi

Norrköping, Lahadi, 11 ga Mayu, 1947

Gitel, sanyin idona, hasken ranar farko bayan dogon hunturu, furen da ya tsaga ƙanƙara ya fito bai nemi izinin kowa ba!

Wasiƙarki ta iso. Yayanki Mendel ya aiko miki da takardun tafiya wurinsa daga Kanada, jirgin ruwa zai tashi daga Göteborg ranar Alhamis, kin ce in yafe miki. In yafe me? Ai ba ki tafi ba tukuna, ni kuma ban gama magana ba.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa ɗakin karatunmu? Wata shida da fito da ke daga sansanin mutuwa na lokacin yaƙi, siririya kamar karan tafki, cikin rigar sanyin da ta yi miki yawa, gashinki bai gama tsirowa ba. Kika tsaya gaban teburina kika ce, "Kai mai tabarau, duk littattafan nan babu ko ɗaya da yake jin yarenmu?" Babu kuwa. Kunya ta rufe ni! Washegari na kawo miki littafin addu'ar mahaifiyata, abu ɗaya tak da na fito da shi daga Breslau ranar da ta tura ni cikin jirgin ƙasa, ta ce za su biyo ni da bazara. Bazara takwas ke nan. Ban taɓa barin hannun wani ya taɓa littafin nan ba, amma na miƙa miki ba tare da na buga masa hatimin ranar dawowa ba. Ashe ba ki gane ba tun lokacin?

Shekara uku na yi ina tatsar shanun wani manomi, ina koyon harshen ƙasar nan daga bakinsa da bakin matarsa. Daga nan na samu aiki a ɗakin karatu, na share ƙurar kantocin littattafai har aka amince mini da makullai. Duk wannan zaman, waƙoƙina na matattu ne kawai: babana, mamata, ƙanwata Lotte da kitsonta biyu. Ke ce kika karanta su a bakin kogi, gahawarki tana hucewa, kika ɗago kika ce, "Benno, su kam sun ƙoshi da waƙarka. Mu da muka rage fa, wa zai yi mana?" Na yi fushi kwana biyu. A na uku na rubuta waƙa a kan dariyarki, wadda take ɓarkewa kamar kogi ranar da ƙanƙara ta sake shi. Ita ce aka fara buga mini a jarida.

To yaya za a yi ki raya mutum, sannan ki ce masa ya yafe? Wa ya taɓa ganin bazara ta ba ciyayi haƙuri ta koma?

Na san abin da yake jan ki, farin watana. A cikin mutum tara na gidanku, Mendel kaɗai ya rage miki, jini kuwa ba ya kira a ƙi amsawa. Ba zan tsaya tsakaninku ba. Na riga na rubuta masa, na nemi aurenki a hannunsa kamar yadda zan nema a hannun mahaifinku da yana raye. Na kuma je wurin shugabar ɗakin karatu, Uwargida Ekdahl, na gaya mata wataƙila in ajiye aiki. Ta cire tabarau ta ce, "Saboda yarinyar nan mai yi mana surutu ranar Talata? Ai da ka bar ta ta tafi ita kaɗai, da ni zan kore ka."

An taɓa raba ni da nawa a tasha, ina ɗan shekara goma sha tara, ba ni da ta cewa. Yau ina da ta cewa, Gitel! Ƙasa ba ta ba ni tsoro, teku ba ya ba ni tsoro. Wanda ya koyi harshe ɗaya a garken shanu zai koyi wani a ko'ina, muddin muryarki ce za ta riƙa gyara masa kuskure.

Ranar Laraba zan sauka a Göteborg da jirgin ƙasa na ƙarfe biyu na rana. Za ki gan ni da makullin ɗan gidan da na kama mana a garin nan a hannun dama, akwatina a hannun hagu. Ki nuna ɗaya kawai. Wanda kika nuna, can ne gidanmu.

Naki, a wannan gaɓar teku ko a waccan, har ranar da numfashi zai ƙare,

Benno Lichtblau