Na Nemi Ƙari a Gaban Maza

Alƙahira, Masar

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya Baffa da ciwon ƙafarsa? Ina Yaya Mu'azzam da ƙanwata Batul, da mutanen Dawaki duka? Ni lafiyata ƙalau, karatu sai godiya.

Faɗuwar da aka ce miki na yi a aji, kar ta tayar miki da hankali, jiri ne kawai. Likita dai ta ce cuta ce, wai na daɗe ina hana kaina abinci. Na ce mata tarbiyya ce, a gidanmu mace ba ta ci sai maza sun ƙoshi, ba ta kuma tauna a gabansu. Ta ce, "To a nan wane namiji kike jira?"

Inna, taya ni murna. Jiya a wurin cin abincin makaranta, ga maza cike, na cinye shinkafata tas, na miƙe na nemi ƙari. Aka ƙara mini, na kuma ci!

Roƙona ɗaya ne. Kina yabon Batul, wai mai kunya ce, ba ta da ci. Don Allah ki daina, ni ma haka aka riƙa yabona. Yau ki zuba mata kafin Yaya Mu'azzam, har da nama, ki zauna ku ci tare. Ke ma ai ban taɓa ganin kin ci abincinki da zafinsa ba.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Suwaibatu