Ranar da Baba Ya Naɗe Aska

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara, da ƙafar nan taki mai kumburi in kin daɗe a tsaye. Mu nan lafiya lau. Kasuwa ga ta nan dai, masu taya kaya sun fi masu saye.

Bayan haka, Yaya, abin da kika ji gaskiya ne, amma an zuba masa gishiri. Baba bai cire kunnen kowa ba. Tela ne ya zo aski, aska ta ɗan lashe shi a ƙeya, jini ya ɗiga a wuyan riga. Kin kuwa san bakin tela: kafin la'asar labari ya kai tasha cewa kunne ya faɗi ƙasa har kaza ta ɗauke. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, hannun Baba yana rawa. Kofin shayi ma da hannu biyu yake riƙewa, ya ce wai zafi ne. Likita ya duba shi ya ce tsufa ne, ba ciwon kwanciya ba, amma ya rabu da abu mai kaifi. Da muka fito, abin da kawai Baba ya ce shi ne likitan ba a iya masa gyaran fuska ba.

Na sayo masa injin aski irin na samarin bakin titi. Ya jujjuya shi ya ajiye, ya ce wannan na masu yankan ciyawa ne. Daga nan lacca ta tashi. Wai waɗancan masu aski ne kawai, shi kuwa wanzami ne. A zamanin kakanmu wanzami ke cire haƙori, shi ke fasa maruru, kuma shi kaɗai ne babban mutum zai miƙa wa maƙogwaro ya lumshe ido. Tsofaffin da ke zaman bencin shagonsa suka kama gardamar inda sunan wanzami ya samo asali. Wani ya ce fatake suka zo da shi, malamin makarantar nan mai ritaya ya ce ya taɓa gani a littafi amma ya manta littafin. Baba ya ce ko daga ina ya taso, a hannunsa ya sauka. Hannun da ke rawa, Yaya.

Kin ce za ki zo ki tattara shi ya koma wurinki. Don Allah ki dakata. In kika ajiye mutumin nan a falo gaban talabijin, ba mai kawo masa kai ba mai kawo masa gulma, kin gama da shi. Ki ba ni lokaci. Ni da nake sayar wa mutum kwat a tsakiyar zafi har ya yi mini godiya, Baba ba zai gagare ni ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Ɗan Gwanjo

*

Yaya tawa,

Barka da war haka, ya gida, ya ƙafa? Saƙonki ya iso, har da faɗan da ke ciki, na karɓa hannu biyu.

To, ya gagare ni. Na ɗauke askar na ɓoye cikin buhun riguna, na taya shi zagin ɓarayin zamani. Ya saurare ni tsaf, ya buɗe zabira ya zaro wata, ya ce in ɓarawon ya gama da waccan ya tuna a shafa mata mai kada ta yi tsatsa. Na mayar masa da ita.

Masu zuwa sun ragu, sai amintattu. Ki ga yadda suke zama, ido a rufe, leɓe na motsi, kamar fasinja a motar da ba birki. Suna tsoro amma suna jin nauyinsa. Wannan jin nauyin ne ke firgita ni, don wata rana a maƙogwaron wani zai ƙare.

Abin da ya fi damuna shi ne Kawu Dogo, abokin Baba mai shagon aski a tsallaken titi. Kin san wanzami ba ya aske kansa. Tun kafin a haife mu su biyun nan suke musaya: Kawu ya aske Baba, Baba ya aske Kawu, suna yi suna zagin aikin juna. Yanzu Kawu yana zuwa ya aske Baba tas, in aka zo kansa sai ya tuna ya bar ruwa a wuta. Yau mura, gobe baƙo. Sumarsa ta tsiro fara fat ta kewaye hula, yara har sun fara ce masa Audugar Kawu. Wanzami da suma haka, ai kamar ni ne in zo kasuwa ba riga. Baba ya gane. Kullum sai ya bi hular Kawu da kallo har ya tsallaka titi, sannan ya zauna yana wasa askar da ba ta bukatar wasawa. Abincinsa ma ya ragu.

Na san kin sa ranar tahowa. Ki ƙara mini mako. Akwai dabara guda da ta rage, ba zan faɗa miki ba don za ki hana.

Naki,
Ɗan Gwanjo

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fata wannan takarda ta same ki a zaune, cikin ƙoshin lafiya ke da iyali. Ki kwance jakarki. Alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Kin san gemuna, wanda nake shafa wa mai ina tajewa, wanda Baba ke kira tsintsiyar kasuwa. Tun da na girma wurin samarin inji nake gyara shi. Jiya da hantsi, bayan Kawu ya gama aske Baba yana shirin tuna ruwansa na wuta, sai na zauna a kujera na ce a kwashe mini shi duka. Kawu ya zaro mini ido yana girgiza kai.

Na yi lissafin cewa Baba zai ƙi tun daga farko. Bai ƙi ba, Yaya! Murna ma ya yi. Ya ɗaura mini ƙyalle, ya rage gemun da almakashi, ya kaɗa kumfa ya shafe ni har kunne, yana ba benci labarin ranar da ya fara aske ni ina tsala ihu. Ya ɗaga haɓata, ya ja fatar da babban yatsa yadda ya saba, ya ɗora aska daidai zakaran wuya. Na ji sanyinta, na kuma ji tana ƙwanƙwasa ni a hankali kamar baƙo a bakin ƙofa. Duk wayon kasuwa ya gudu ya bar ni. Na karanta abin da na sani, wanda ban sani ba ma na karanta. Ban dai motsa ba, ban kuma rufe ido ba. Na kalle shi, ya kalle ni, ya kalli hannunsa.

Sai ya ɗaga askar. Ya goge ta a ƙyalle, ya ce da Kawu: “Dogo, zo ka ƙarasa wa yaron nan. Gemun gwanjo ne, ya yi wa askata tauri.” Ya miƙa masa ita ta ƙota, askar kakanmu da ko taɓawa ba a yi. Kawu ya karɓa, da yake aske ni kuwa hancinsa kawai nake jin yana ja.

Da aka gama, Baba ya jawo injin nan daga ƙarƙashin benci, ya ce tun da an tara ciyawa a unguwa, bari a yanke ta. Ya cire wa Kawu hula. Ki zo ki ga aski, layi-layi kamar gonar da ɗan koyo ya nome, amma ko ɗigon jini babu. Kawu ya duba madubi ya ce bai taɓa ganin mugun aiki irin wannan ba. Baba ya ce kan ne ba shi da fasali tun asali. Da rana ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari.

Sun yanke shawarar haɗa shago. Kawu ke riƙe aska, Baba ke kumfa da inji da surutu. Malamin makaranta ya tsokane shi ko yanzu a kira shi mai aski. Baba ya ce a'a, ai sanin lokacin ɗaga aska ma wanzanci ne.

Ni ne dai na yi asara. Na shiga gida matata ta ja mayafi ta ce maigidan ba ya nan. Ki zo ziyara in kin samu hali, ba ɗaukar kowa ba, ki ga haɓar ƙaninki kafin ta sake ɓuya.

Baba yana gaishe ki, ya ce ki turo masa maigidan, sumarsa ta isa yanka.

Ƙaninki marar gemu,
Ɗan Gwanjo